Tsofaffin hotunan yaƙi da gurnetin da bai fashe ba: gadon da Hartum da Umdurman ke fama da shi

A ƙasashen Turai da Amurka akwai mutanen da babbar sha'awarsu ita ce tara kayan yaƙe-yaƙen da suka wuce. Wani hular kwano yake nema, wani lambar girma, wani wasiƙun sojoji, wani kuma tsofaffin hotuna. Akwai kuma waɗanda suka fi son gurneti da kwanson harsashin igwa, su goge su, su jera a kanta kamar jeren ɗakin amarya. Ana cinikin waɗannan kaya a gidajen gwanjo, da kasuwannin tsofaffin kaya, da kuma intanet.

A Hartum, babban birnin Sudan, da Umdurman da ke tsallaken kogin Nilu, maganar ta wuce ta sha'awa. Tun 1898 biranen biyu ke ciyar da masu tara kayan yaƙi na duniya da tutoci da takubba da hotuna. Daga ranar 15 ga Afrilu 2023 kuma, lokacin da faɗa ya ɓarke tsakanin sojojin gwamnati da dakarun RSF, abubuwa biyu sun faru a tare. An wawashe kayan tarihi na gaske daga gidajen adana su, sannan tituna da gidaje da makarantu suka cika da makaman da aka harba ba su fashe ba. Mutanen da ke komawa gida yanzu suna bukatar sanin wanne ne gadon da ya kamata a adana, wanne ne kuma ajali da ke kwance a tsakar gida.

Karari: inda tarin ya samo asali

Muhammadu Ahmad ya bayyana kansa a matsayin Mahadi a 1881 a tsibirin Aba. Ranar 26 ga Janairu 1885 mabiyansa, Ansaru, suka ci Hartum, aka kashe Janar Charles Gordon. Mahadi ya rasu a watan Yuni na wannan shekara, Halifa Abdullahi ya gaje shi, ya mai da Umdurman hedikwatar daularsa har tsawon shekara 13.

Ranar 2 ga Satumba 1898 rundunar Ingila da Masar, ƙarƙashin Janar Herbert Kitchener, ta gamu da rundunar Halifa a filin Karari, kimanin kilomita 11 arewa da Umdurman. Kitchener yana da mutum kusan 25,000, da igwogi, da jiragen ruwa na yaƙi, da bindigogin Maxim masu aman ɗaruruwan harsasai a minti guda. Halifa yana da kusan ninki biyu na wannan adadi, amma galibinsu masu da takubba suke riƙe da su, sai tsofaffin bindigogin Remington da aka ƙwace daga sojojin Masar. Kafin azahar an kashe Ansaru fiye da 10,000. A ɓangaren Kitchener waɗanda suka mutu ba su kai 50 ba. Winston Churchill, wanda a lokacin ƙaramin hafsa ne a rundunar dawakai, yana wurin, kuma ya rubuta littafi a kan yaƙin a 1899.

Da ƙura ta lafa sai aka shiga kwasar ganima. Hafsoshi da sojoji sun tattara jibbobin Ansaru masu faci kala-kala, da sulke, da kwalkwali, da masu, da tambura, da tutoci masu rubutun Larabci. An kama baƙar tutar Halifa. An rusa hubbaren Mahadi da umarnin Kitchener, aka zubar da ƙasusuwansa a kogi, lamarin da ya jawo suka har a majalisar dokokin Ingila. Waɗannan kaya su ne suka cika gidajen tarihin rundunonin soja da manyan gidajen masu hali a Ingila da Sikotilan, kuma har gobe wasu na fitowa a gwanjo idan magada suka tashi raba kayan kakanninsu.

Gurneti na hannu ba ya cikin makaman da suka yi tasiri a Karari. Abin da aka gwada a Umdurman shi ne harsashin igwa mai ɗauke da wani sinadari da ake kira lidit, wanda da shi aka huda ƙubbar hubbaren Mahadi kwana ɗaya kafin yaƙin. Wannan sinadari zai sake fitowa idan aka zo bayanin dalilin da ya sa tsohon makami ke ƙara haɗari.

Kyamara ta zo tare da igwa

Yaƙin 1898 ya zo daidai lokacin da kamfanin Kodak ya fitar da ƙananan kyamarori da mutum zai iya sa wa a jaka. Saboda haka hafsoshi da wakilan jaridu da dama sun shiga Sudan da su. Mafi shahara cikin abin da suka bari shi ne kundin hotuna fiye da 200 mai suna “Khartoum 1898”, wanda ake danganta yawancinsa ga Francis Gregson, wani farar hula da ya bi rundunar. Kwafinsa yana taskar gidan sarautar Ingila. A ciki akwai jiragen ruwa, da sansanoni, da gawarwaki a filin daga, da hubbaren Mahadi da ramukan harsashi a jikinsa. Akwai kuma sanannen hoton Amir Mahmud Ahmad, kwamandan da aka kama a yaƙin Atbara ranar 8 ga Afrilu 1898, yana tsaye cikin jibbarsa tsakanin masu gadi. Da aka kashe Halifa Abdullahi a Umm Diwaikarat a watan Nuwamba 1899, nan ma an ɗauki hoton gawarsa da ta manyan amiransa.

Faransawa ma suna da hannu a tarihin hoton birnin. Louis Vossion, wanda ya yi aikin ƙaramin jakadan Faransa a Hartum, ya ɗauki hotunan mutanen garin a 1882, shekara uku kafin Ansaru su ci shi. Hotunan suna babban ɗakin karatu na ƙasa da ke Paris.

Duk mai kallon waɗannan hotuna ya kamata ya riƙa tuna wanda ke bayan kyamarar. Waɗanda suka ci yaƙi ne suka ɗauka, su suka zaɓi abin da za a nuna, su suka rubuta bayanin da ke ƙasa. Sau da yawa an rubuta sunan hafsan Bature da muƙaminsa, amma ɗan ƙasar da ke gefensa sai a ce “fursuna” ko “bawa” kawai. Wasu hotunan ma shirya su aka yi. Rudolf Slatin, ɗan Ostiriya da ya yi shekaru a hannun Halifa kafin ya tsere a 1895, ya tsaya gaban kyamara cikin jibbar Ansaru bayan ya kuɓuta, hoton ya bazu a Turai. Hotunan Mahadi da ake yawo da su a littattafai da shafukan sada zumunta kuwa zane ne na masu zane, ba kyamara ce ta ɗauka ba. Wanda duk ya zo da “hoton Mahadi na asali” yana neman kuɗi, to ya zo da abin da ya kamata a yi masa tambayoyi.

Daga baya ƴan ƙasa suka karɓi kyamarar. Gadalla Gubara a Hartum da Rashid Mahdi a Atbara, waɗanda duka suka rasu a 2008, sun ɗauki dubban hotunan Sudan kafin samun ƴancin kai a 1956 da bayansa. A irin ɗakunan ɗaukar hoto nasu ne sojoji ke zuwa da kaki su tsaya, su aika wa iyaye da mata. Waɗannan ƙananan hotuna na iyali su ne ɓangaren tarihin soja da ba ya cikin kundin Turawa.

Igiyar da ta ɗaure labarin da ƙasar Hausa

Labarin Umdurman bai tsaya a bakin Nilu ba. Rabe Fadlallah, wanda ya ci Borno a 1893 ya zauna a Dikwa, haifaffen yankin Hartum ne. Sojojin Faransa sun kashe shi a Kusiri ranar 22 ga Afrilu 1900, a yaƙin da kwamandansu Lamy shi ma ya mutu. Daga cikin rundunonin da suka haɗu a Kusiri har da ragowar ayarin Voulet da Chanoine, wanda ya ratsa Birnin Ƙonni da Lugu ta Sarauniya Mangu a 1899 yana ƙone garuruwa, kafin ya isa Damagaram. Hoton kan Rabe a hannun wani sojan Faransa baƙar fata yana cikin hotunan mulkin mallaka da suka fi yawo a duniya. Irin aikin da hoton gawar Halifa ya yi wa Ingila, shi wannan ya yi wa Faransa: shaidar cewa an gama da mai turjiya.

Bayan shekara uku, ranar 27 ga Yuli 1903, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi yana kan hanyar hijira zuwa gabas. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya da sauran jama'a har Sudan, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Zuriyarsu, da ta alhazan da suka bi hanyar ƙasa suka zauna, suna nan a Jazira da Gadarif da Kasala da unguwannin Hartum da Umdurman. Yaƙin da ake yi yanzu ya shafe su kamar yadda ya shafi kowa, kuma akwatunan hotunan iyalansu na cikin abin da ke salwanta.

A yaƙin duniya na biyu ma hanyoyin sun sake haɗuwa. Jiragen saman yaƙi da ake haɗawa a Takoradi ta Gana suna bi ta Kano da Maiduguri da Fashir su sauka Hartum kafin su wuce Masar. Sojojin Italiya sun kama Kasala a watan Yuli 1940, aka ƙwato ta a Janairu 1941, rundunar tsaron Sudan da aka kafa a 1925 ta shiga faɗan, yayin da sojojin Nijeriya, da yawansu Hausawa, suka yi yaƙi a Somaliya da Habasha. A wannan yaƙi ne gurneti ya shigo yankin da yawa. Na Italiya, masu jan fenti, sojojin Ingila sun yi musu laƙabi da “jajayen shaiɗanu”, domin sau da yawa sukan faɗi ba su fashe ba, sai wanda ya zo ya taɓa su daga baya su tashi da shi.

Gidan Halifa da asarar da aka yi

Wuri mafi muhimmanci da Sudan ta adana kayan wancan zamani shi ne Gidan Halifa, daura da hubbaren Mahadi a Umdurman, wanda ɗansa Sayyid Abdurrahman ya sake ginawa a 1947. An gina gidan a ƙarshen shekarun 1880, aka ƙara bene a 1891, aka mai da shi gidan tarihi a 1928. A cikinsa an ajiye bindigogi da sulke da tutoci da jibbobi, da kuɗin da aka buga a zamanin Halifa, da takardun kuɗin da Gordon ya fitar lokacin da aka yi wa Hartum ƙawanya, da tsofaffin hotuna, har da wata tsohuwar mota ƙirar Arrol-Johnston ta farkon mulkin Ingila. Ƴan shekaru kafin yaƙi an gyara gidan da tallafin wani asusun Birtaniya na kare kayan al'adu. A tsallaken kogi kuma akwai Melik, ɗaya daga cikin jiragen ruwan Kitchener, wanda ya daɗe yana zaman ofishin ƙungiyar masu tuƙa kwale-kwale ta Shuɗin Nilu.

Da yaƙi ya ɓarke, tsohuwar Umdurman ta zama fagen daga. Hukumar kula da kayan tarihi ta Sudan ta sanya Gidan Halifa cikin wuraren da aka wawashe. Dakarun RSF sun shiga babban gidan tarihi na ƙasa da ke Hartum a watan Yuni 2023, kuma da sojoji suka ƙwato tsakiyar birnin a watan Maris 2025, ma'aikata sun tarar da akwatunan gilashi a farfashe, an kwashe kaya masu yawa, har da zinariyar sarakunan Kush. A jami'ar Ahliyya ta Umdurman, ɗakin karatu na cibiyar Muhammad Umar Bashir ya ƙone da littattafai da takardunsa. A watan Satumba 2024 hukumar UNESCO ta yi kira ga dillalai da masu tara kayan tarihi da su guji saye ko sayar da duk wani abu da ya fito daga Sudan.

A nan ne mai tara kaya da ke zaune a Paris ko Landan ko Dubai yake shiga cikin labarin, ko ya sani ko bai sani ba. Ɓarawo ba ya ɗaukar abin da ba shi da kasuwa. Yarjejeniyar UNESCO ta 1970 ta haramta fataucin kayan al'adun da aka sato, dokar Sudan ta 1999 kuma ta hana fitar da kayan tarihi ba da izini ba. Takobi ko jibba ko kundin hotuna da ya bayyana a kasuwa bayan 2023 ba tare da takardar da ke nuna hannayen da ya bi ba, abin zargi ne. Ga kuma jabu. Maƙeran Kasala sun daɗe suna ƙera takubba irin na da, kuma kafin yaƙi ba wuya a ga sabon takobi a kasuwar Umdurman ana ce wa baƙo na Karari ne.

Me ya sa gurneti ba ya tsufa?

Takobi in ya shekara ɗari tsatsa ta cinye kaifinsa. Gurneti kuwa tsufa ƙara masa haɗari yake yi, kuma dalilin yana cikin ƙirarsa. Gurneti irin na zamani ya samo asali ne a yaƙin duniya na ɗaya. A 1915 William Mills ya fito da nasa a Birmingham, Faransa ta fito da F1, Jamus kuma ta fito da mai dogon mariƙin katako. Na Rasha da ake yawan gani a yaƙe-yaƙen Afirka, irin su F-1 da RGD-5, duk a kan wannan tsari suke.

Abu uku ne a cikinsa: gangar jiki ta ƙarfe, da nakiyar da aka cika ta da ita, da ɗan ƙaramin abin kunnawa. Wata waya mai murɗi tana matse a ciki, ƴar ƙusa mai zobe ce kawai ke riƙe da ita. In aka zare ƙusar aka saki hannun, daƙiƙa huɗu ko biyar suka rage. Shekaru suna cin ƙusar da tsatsa, amma wayar tana nan a matse. Sinadarin da ke cikin abin kunnawar yana da saurin tashi tun yana sabo, kuma danshi da zafi suna ƙara masa wannan hali. Lidit ɗin da aka harba a Umdurman, wanda Faransawa ke kiran irinsa melinit, idan ya daɗe yana gogayya da ƙarfe yakan haifar da wani gishiri da ɗan bugu ko gogawa ke iya tayarwa. Wasu makaman kuma farin fosfaras ne a ciki, wanda ke kamawa da wuta da zarar iska ta taɓa shi. A gari kamar Hartum, inda zafin bazara kan haura digiri 45, ga ambaliya da damina, duk waɗannan sauye-sauye suna sauri.

Makamin da aka harba bai fashe ba ya fi na cikin akwati haɗari, domin an riga an cire masa abin da ke tsare shi. Ba a iya gane mai rai da wanda aka zubar wa nakiya ta hanyar kallo, ko girgizawa, ko auna nauyi a hannu. Ko a Turai, abin da doka ta yarda a ajiye shi ne wanda ƙwararru suka tabbatar babu komai a cikinsa. A Faransa gurneti yana cikin kayan yaƙin da aka haramta wa farar hula mallaka.

Darasin gonakin Faransa

Arewa da gabashin Faransa da yankin Ypres na Beljiyam sun fi ko'ina sanin tsawon ran makami. An daina yaƙin duniya na ɗaya a 1918, amma har yau garmar manoma na tono harsasai da gurneti a yankunan Somme da Verdun, har suna kiran abin “girbin ƙarfe”. Jami'an kwance bama-bamai na Faransa suna tattara ɗaruruwan tan a kowace shekara. A watan Afrilu 2001 sai da aka kwashe mutum fiye da 12,000 daga kewayen Vimy saboda wani rumbun tsofaffin harsasai masu guba da ya fara lalacewa. A watan Fabrairu 2019 ma'aikatan wata masana'antar soya dankali a Hong Kong sun tarar da gurnetin Jamus na yaƙin duniya na ɗaya a cikin dankalin da aka kawo daga Faransa, ƴan sanda suka fasa shi, kuma ya fashe.

Masu tara kaya ma ba su tsira ba. An sha kwashe fasinjoji daga tashar jirgin ƙasa ta Gare du Nord a Paris saboda wani ya sa tsohon harsashi a jaka zai kai gida tsaraba. A 2008 a jihar Virginia ta Amurka, wani da ya shekara yana gyara tsofaffin harsasan igwa na yaƙin basasar ƙasar ya mutu lokacin da ɗaya ya fashe a hannunsa, fiye da shekara 140 bayan an ƙera shi. Idan ƙasa mai kuɗi da ƙwararru ta haura shekara ɗari ba ta gama share gonakinta ba, to aikin da ke gaban Hartum ba na shekara ɗaya ko biyu ba ne.

Masu komawa gida, yara da ƴan gwangwan

Tun da faɗa ya lafa a babban birnin, dubun dubatar mutane suka fara komawa. Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da kwance nakiyoyi, UNMAS, da cibiyar ƙasa ta Sudan mai wannan aiki sun sha gargaɗin cewa gidaje da makarantu da asibitoci da kasuwanni na ɗauke da harsasan igwa, da rokoki, da gurneti. Sudan ta amince da yarjejeniyar Ottawa ta hana nakiyoyin da ake binne wa mutane tun 2003, kuma ta yi shekaru tana share Kasala da Gadarif da Kudancin Kurdufan. Amma share birni mai miliyoyin mutane, ɗaki bayan ɗaki, wani aiki ne daban.

Waɗanda suka fi shiga haɗari rukuni uku ne. Na farko yara, domin gurneti ƙarami ne, zagayayye, yana kama da abin wasa. Na biyu masu share gida, waɗanda ke tara shara su cinna mata wuta ba su san abin da ke ƙarƙashi ba. Na uku ƴan gwangwan, waɗanda talauci ke sa su bubbuga ƙarfe don su ciro tagulla su sayar. Akwai kuma matasan da ke ɗaukar kwanson roka ko gurneti su ajiye a ɗaki don tunawa da abin da suka gani, ko su riƙe a hannu a ɗauke su hoto don Facebook da TikTok. Wannan ma tara kayan yaƙi ne, kuma shi ne mafi muni.

Mutanen Diffa da Borno da Tilaberi ba baƙi ba ne ga wannan matsala. A Nijar hukumar CNCCAI mai tattara haramtattun makamai ita ke da alhakin wannan fanni, kuma ƙasar ta sanar da duniya cewa akwai nakiyoyin zamanin mulkin Faransa a kewayen barikin Madama, can arewacin Agadas. Ƙa'idar da masu aikin ke koyarwa ɗaya ce a ko'ina. Kada a taɓa, kada a matsar, kada a jefa shi a rijiya ko masai ko kogi, kada a sa masa wuta. A ja da baya ta hanyar da aka bi aka zo, a sa alama daga nesa, a hana yara zuwa, a sanar da hukuma ko mai unguwa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Abin da ya cancanci a tara

Hoto yana da abin da gurneti ba shi da shi: ana iya kwafarsa. Wannan ne ya ceci wani ɓangare na tarihin Sudan. Jami'ar Durham ta Ingila tana da taskar Sudan tun 1957, mai ɗauke da dubban hotuna da takardu. Shirin Sudan Memory, wanda cibiyoyin Sudan suka yi da haɗin gwiwar King's College ta Landan, ya ɗauki kwafin hotuna da takardu da fina-finai masu yawa ya sa a intanet kafin yaƙi. An kwafi fina-finan Gadalla Gubara a Balin. Abin da aka kwafa ya tsira ko da na asalin ya ƙone. Abin da ba a kwafa ba, in ya tafi ya tafi ke nan.

Iyalin da ke da hoton kaka cikin kakin soja, ko na Sudan ne, ko tsohon sojan Faransa daga Damagaram ko Dosso, ko ɗan Boma daga Kano, suna iya yin irin wannan aiki da wayar hannu. A ɗauki gaba da bayan hoton, domin hatimin mai ɗaukar hoto da rubutun da ke baya su ne shaidarsa. A zauna da tsofaffin gida tun suna raye a rubuta suna, da gari, da shekara, da rundunar da mutumin ya yi aiki. A aika kwafi ga ƴan'uwa a garuruwa daban-daban. Na asalin kuma a raba shi da rana da laima da gara, kada a manna masa gam ko salatif, kada a rubuta masa biro a fuska, kada a rufe shi da leda mai zafi. Hoton da ba a san ko wane ne a ciki ba ya rasa rabin darajarsa, a wurin masanin tarihi da a wurin dillali baki ɗaya.

Masu kwance bama-bamai su ma da hoto suke fara aiki. Wanda ya ga abin da bai yarda da shi ba a tsakar gida ko gona, in yana nesa kuma ba sai ya matsa ba, hoton da ya ɗauka da waya zai taimaka wa jami'ai su san irin makamin kafin su iso. Iyakar abin da farar hula zai tara daga gurneti ke nan. Gidan Halifa in an sake buɗe shi zai bukaci tutoci da jibbobin da aka sace su dawo, zai kuma bukaci hotunan da iyalan Umdurman suka tsira da su a cikin jakunkunan gudun hijira, da sunayen waɗanda ke ciki a rubuce.